Folda ko reshen suna: inda za ka zaunar da manhajoji da yawa a kan sabar ɗaya

A ce makarantar sakandare ce mai zaman kanta. Ta yi rajistar suna a ƙarƙashin .sch.ng, wanda hukumar NiRA ta keɓe wa makarantu, ta kuma kama hayar sabar guda ɗaya tak, wato kwamfutar da ake ɗora shafukan intanet a kanta, don da dala ake biyan hayar, kuma mai makaranta ya ce ba zai ƙara ta biyu ba. A kan wannan sabar ake so a ɗora abu huɗu: shafin makaranta da aka gina da WordPress, manhajar duba sakamako da wani matashi ya rubuta musu da Laravel, Moodle don darussa da aikin gida, sai phpMyAdmin da mai kula da sabar ke leƙa rumbun bayanai da ita. Abin da ya rage shi ne adireshin da za a ba kowacce. Ko dai a ce `makarantarmu.sch.ng/sakamako`, wato kowace manhaja ta samu folda a ƙarƙashin suna ɗaya, ko a ce `sakamako.makarantarmu.sch.ng`, wato a yanko mata reshen suna nata na kanta, abin da masu aikin ke kira sabdomen.

A ido, bambancin bai wuce inda aka ajiye kalma ɗaya ba, gaba ko baya. A wurin burauza kuwa, na farko ɗakuna ne a gida ɗaya mai zaure ɗaya, na biyu gidaje ne a layi ɗaya, kowa da ƙofarsa. Ni dai na fi karkata ga reshen suna, kuma zan faɗi dalili, amma akwai wuraren da folda ce ta dace, akwai ma inda ita kaɗai ce za ta yiwu.

Hannun yawancinmu folda yake fara kaiwa, kuma ba a banza ba. Duk wanda ya koyi PHP a kan kwamfutarsa da XAMPP ya saba ya buɗe folda a cikin `htdocs`, ya rubuta `localhost/aikina`, abu ya fito. Da ya koma cPanel sai ya tarar da `public_html`, ya ci gaba da abin da ya saba. Kuma gaskiya tana da sauƙi. Suna ɗaya a DNS, wato kundin da ke haɗa suna da lambar sabar, satifiket ɗaya na HTTPS, wato shaidar tsaron shafi, ba sai ka nemi izinin kowa ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke aiki a jami'a ko ma'aikata, inda DNS ke hannun wani sashe daban, kuma ƙara suna ɗaya na iya buƙatar takarda da sa hannu da jira. Idan an riga an ba ka sabar da suna, folda goma za ka iya buɗewa kafin azahar.

Akwai kuma ɗakin jarrabawa na kwamfuta, inda sabar ke zaune a kusurwa, kwamfutocin ɗalibai suna haɗe da ita da waya, babu intanet sam. A nan adireshin lamba ce kawai, kamar `192.168.1.10`, kuma lamba ba ta da reshe. Ko dai ka kafa DNS na cikin gida, ko ka bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya kana gyara fayil ɗin `hosts`, ko ka ce `192.168.1.10/jarrabawa` da `192.168.1.10/rajista` ka huta. A irin wannan wuri ba na ko tsayawa tunani, folda nake zaɓa.

To amma sauƙin nan na ranar farko ne. Manhaja da yawa an rubuta su ne da zaton su kaɗai ne a gidan. Shafin zai nemi `/css/app.css`, kuma wannan karan da ke farko, wato alamar `/`, yana nufin tushen sunan gaba ɗaya, ba tushen foldar ba. Sai burauza ta tafi `makarantarmu.sch.ng/css/app.css`, ta faɗa hannun WordPress, ya ce bai san zancen ba. Abin da za ka gani shi ne shafi tsirara, rubutu baƙi a kan fari, hotuna sun ɓace, maɓalli ba ya motsi. Ko kuma ka shiga da kalmar sirri lafiya lau, manhajar ta tura ka `/dashboard` maimakon `/sakamako/dashboard`. Maganin shi ne a sanar da manhajar inda take zaune, kuma kowacce da nata salon. Django na da `FORCE_SCRIPT_NAME` da `STATIC_URL`. Laravel na da `APP_URL` da `ASSET_URL`. Vite na da `base`, React Router na da `basename`, Grafana na son `root_url`. Next.js na da `basePath`, wanda ake dafawa a cikin manhajar tun lokacin gina ta, don haka in ka sauya sunan foldar sai ka sake gini daga farko.

Wasu ba su da rigima ko kaɗan. Moodle layi ɗaya take so, `$CFG->wwwroot`, ka rubuta cikakken adireshin, shi ke nan. Manhajojin Java da ke kan Tomcat dama an haife su cikin wannan tsari: sunan fayil ɗin WAR shi ne sunan foldar. Nextcloud na yarda, amma sai ka yi mata hanya a `/.well-known/` na tushen sunan, in ba haka ba kalanda da lambobin waya su ƙi haɗuwa da wayoyi. Wasu kuma ƙememe suke ƙi. Mastodon ba ta zama a folda, haka ma Home Assistant. Idan ɗaya daga cikin manhajojinka irin waɗannan ce, an riga an yanke maka hukunci. Na sha ganin ana ƙoƙarin tilasta wa manhaja da `sub_filter` na Nginx, manhajar da ke karɓar buƙatun burauza a sabar, wato a riƙa sauya adireshi a cikin HTML yayin da yake wucewa. Yana aiki har ranar da adireshin ya fito daga cikin JavaScript da aka harhaɗa shi gutsure-gutsure, ko ranar da aka sabunta manhajar. Ban ba kowa shawarar ya gina abin da iyayen yara za su dogara da shi a kan wannan dabara ba.

A ɓangaren sabar ma akwai ramuka, kuma yawancinsu kara ɗaya ne ke jefa mutum ciki. A Nginx, wadda Igor Sysoev na Rasha ya fitar a 2004, idan ka rubuta `location /sakamako/` sannan `proxy_pass http://127.0.0.1:8000/;` da kara a ƙarshe, za a cire `/sakamako` kafin a miƙa wa manhajar buƙata. Idan ba ka sa karan ba, za a miƙa mata adireshin yadda yake. Dukansu daidai ne, sai dai dole ka san wanne manhajar ke jira. Wanda ya fi haɗari shi ne `alias`. Ka rubuta `location /hotuna` babu kara, ka haɗa shi da `alias /var/www/hotuna/;` mai kara, to duk wanda ya nemi `/hotuna../` ya haura folda ɗaya sama, ya ga abin da ba a so ya gani. Sannan dokar `location ~ \.php$` da ka rubuta don WordPress tana iya ƙwace buƙatun PHP na foldar maƙwabta, sai ka sa `^~` a gaban foldar don ta riƙe nata. Apache, wadda ke nan tun 1995, ta fi lallaɓa mai folda, musamman ga PHP, saboda `Alias` da `.htaccess` da `RewriteBase` an daɗe ana amfani da su kan wannan aiki. In manhajar tana gudana da kanta a baya, sai ka haɗa `ProxyPass` da `ProxyPassReverse`, kuma kada ka manta da `ProxyPassReverseCookiePath`. Caddy ta rage yawan rubutu, `handle_path` na cire sunan foldar da kansa, amma ita ma ba za ta iya koya wa manhaja abin da ba ta sani ba.

Akwai kuskure ɗaya da nake so duk mai Laravel ya ji, domin tsarin folda ne ke jawo shi. Laravel na son a nuna wa duniya foldar `public` kaɗai, sauran kayan su tsaya a baya. Mai gaggawa sai ya kwashi aikin gaba ɗaya ya zuba a `public_html/sakamako`, ya ga shafi ya buɗe a `/sakamako/public`, ya ce an gama. Alhali fayil ɗin `.env`, mai ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai da makullin manhajar, yana nan a `/sakamako/.env`, kuma Apache ba ta ɓoye shi da kanta, fayilolin da suka fara da `.ht` kawai take karewa. Akwai na'urori da ke yawo dare da rana a intanet ba su da aiki sai neman wannan fayil. A reshen suna, tun wajen buɗe shi ake tambayar ka foldar da zai nuna, sai ka ce `public`, ramin ya rufe da kansa, muddin aikin ba a cikin `public_html` ka zuba shi ba. Ana iya yin daidai a folda ma, da `Alias` ko mahaɗin fayil, amma sai wanda ya san akwai ramin.

Duk waɗannan wahala ce kawai, mai haƙuri zai gyara su. Abin da ya sa na fi son reshen suna wani abu ne da ba ya gyaruwa.

Burauza tana raba shafuka ne da abu uku: tsarin haɗi, wato http ko https, da sunan sabar, da lambar fot, wato lambar ƙofar da sabar ke amsawa ta cikinta. Duk shafukan da suka yi tarayya a waɗannan ukun, a wurinta mutum ɗaya ne. Folda ba ta cikin lissafin. Alamar farko da za ka gani ita ce kukis, wato 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza don ya gane wanda ya shiga, suna karo. Manhajojin PHP biyu da ba a taɓa saitinsu ba duk `PHPSESSID` suke kiran kukinsu, a kan tushe ɗaya, sai ka shiga wannan a fitar da kai daga waccan, ko bayanan zama su cakuɗe. Django biyu za su yi rigima kan `sessionid` da `csrftoken`. Laravel biyu za su riƙa taka wa juna `XSRF-TOKEN`, mai amfani ya yi ta cin karo da kuskure mai lamba 419. Wannan ana magance shi: ka ba kowace manhaja sunan kuki daban, ka kuma iyakance hanyarsa ga foldarta.

Sai dai iyakance hanyar kuki labule ne, ba katanga ba. Ƙa'idar kukis ta RFC 6265, da aka fitar a 2011, ita da kanta ta yi gargaɗin kada a dogara da shi wajen tsaro. Ka ɗauki makarantar nan. An sa wa WordPress wani ƙarin kaya shekara uku da suka wuce, an manta da shi, yana da rauni, wani ya cusa JavaScript a shafin labarai. Malamin da ke shigar da maki ya shiga `/sakamako` da safe, sannan ya buɗe shafin labarai don ya duba ranar hutu. Wannan JavaScript ɗin na iya aika buƙata zuwa `/sakamako/maki`, burauza ta liƙa mata kukin malamin, ta kuma bar shi ya karanta amsar, har da lambar kariya ta fom. Alamar `HttpOnly` tana hana a karanta kukin, ba ta hana a yi amfani da shi. Abin da aka ajiye a `localStorage` kuwa a fili yake ga kowa, domin ma'aji ɗaya ne ga sunan gaba ɗaya. Manhajar sakamako ba ta yi laifin komai ba, matashin da ya rubuta ta ya yi aikinsa da kyau, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Makin yara da lambobin wayar iyayensu amana ce, kuma bai kamata ƙarfin tsaronsu ya zama daidai da na manhajar da ta fi kowacce rauni a gidan ba.

A reshen suna, `sakamako.` da `www.` baƙin juna ne a wurin burauza. Kowa da ma'ajinsa, kowa da kukinsa, kuma shafin wannan ba ya karanta amsar wancan sai an ba shi izini a fili. Kada dai a ɗauka katangar ta kai sama. Reshe na iya dasa kuki a kan uwar sunan, ya bi sauran rassa, kuma kariyar `SameSite` tana ɗaukar rassan suna ɗaya a matsayin 'yan gida. Shi ya sa ake sa wa kukin shiga suna mai farawa da `__Host-`, wanda burauza ba ta yarda wani reshe ya rubuta. Shi ya sa kuma GitHub, a 2013, ta kwashe shafukan da masu amfani ke ɗorawa daga ƙarƙashin github.com ta mayar da su github.io, suna daban ɗungurungum. Idan manhajarka na barin baƙi su ɗora HTML nasu, ko reshe bai isa ba.

Kuma duk wannan zancen burauza ne. A cikin sabar kanta, folda da reshe duk ɗaya ne idan manhajoji huɗun suna gudana da sunan `www-data`. Wanda ya fasa WordPress ya samu damar gudanar da PHP zai karanta `.env` na Laravel da `config.php` na Moodle kai tsaye daga faifai, ko wane adireshi ka ba su. Don haka kowanne ka zaɓa, ka ba kowace manhaja mai amfani nata a Linux, da rukunin PHP-FPM nata, da asusunta na MySQL wanda bai ga rumbun kowa ba sai nata. Wannan ne kuma ke ba ka damar barin tsohuwar manhaja a kan tsohon PHP yayin da Moodle ke kan sabo. Masu Docker suna samun wannan rabuwa cikin sauƙi, sai dai yana cin ƙwaƙwalwar sabar, kuma ƙaramar sabar haya ba ta da ta zubarwa.

Me reshen suna ke ci? Da can satifiket ne babban dalilin gudunsa, don kowane suna da kuɗinsa. Tun da Let's Encrypt ta buɗe wa kowa a ƙarshen 2015 wannan dalili ya faɗi. Kyauta ne, Certbot na sabunta shi da kansa, kuma satifiket ɗaya na ɗaukar suna har 100. Satifiket mai tauraro (`*`), wanda ke rufe duk rassa a lokaci guda, ya zo a 2018, amma shi sai an tabbatar da mallaka ta DNS, kuma sabunta shi ba tare da hannu ba na buƙatar kamfanin DNS ɗinka ya ba da hanyar yin hakan. Ga rassa uku ko huɗu ba ka buƙatarsa, jera sunayen kawai. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne duk satifiket da aka bayar ana rubuta shi a kundin da kowa ke iya bincika, don haka `gwaji.makarantarmu.sch.ng` ba ɓoyayye ba ne ko da ba ka gaya wa kowa ba. Sannan reshe na son a riƙa share shi: in ka daina amfani da shi ka bar sunan yana nuna wata sabar da ka saki, wani na iya karɓar wurin ya yi magana da sunan makarantarku.

Wata wahalar ita ce idan manhajojin dama 'yan uwan juna ne. A ce fuskar manhajar sakamako an yi ta da React, tana ɗebo bayanai daga Laravel. Ka raba su zuwa rassa biyu, ka jawo wa kanka saitin CORS, wato izinin da reshe ke ba wani ya karanta amsarsa, da rigimar kukis a banza. A nan folda ce daidai: fuskar a `/`, bayanan a `/api`, duk a ƙarƙashin `sakamako.`. Hannu ɗaya ya rubuta su, mutane ɗaya ke shiga, rana ɗaya ake sabunta su, to babu dalilin gina katanga tsakaninsu. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: idan zan yarda wannan manhaja ta riƙe makullin waccan, su zauna gida ɗaya. Idan ba zan yarda ba, kowa ya kama gidansa.

Masu tallan shafuka za su ce maka folda ta fi taimakawa a binciken Google. Google dai ta sha faɗin cewa tana iya aiki da kowanne. Ga shago mai son labaransa su ja masu saye, ajiye su a `/labarai` abu ne mai ma'ana, kuma `robots.txt` ɗaya zai wadatar. Ga shafin duba sakamako kuwa, wanda sai da kalmar sirri ake shiga, wannan muhawara ba ta shafe shi ba.

Abin da ya shafe shi shi ne ranar da aka saki sakamako, iyaye suka yi ca a lokaci ɗaya, sabar ta fara nishi. Idan mai makaranta ya ga haka ya yarda a kama sabar ta biyu, mai reshen suna zai kwashe manhajar, ya sauya lamba ɗaya a DNS, adireshin da aka buga a takardun makaranta bai canza ba. Mai folda kuwa dole duk buƙata ta ci gaba da biyowa ta tsohuwar sabar kafin a tura ta sabuwar, kuma in tsohuwar ta faɗi, duka sun faɗi. Ko kuma ya sauya adireshi, ya sa turawa mai lamba 301, ya bi duk wurin da tsohon ya maƙale. A Moodle wannan ya haɗa da mahaɗan da malamai suka liƙa a cikin darussa, waɗanda ke kwance a rumbun bayanai da cikakken tsohon adireshi.

Akwai hanya ta uku da wasu ke bi, wato lambar fot, kamar `makarantarmu.sch.ng:8080`. Ba na son ta ga jama'a. Iyaye ba za su riƙe lambar ba, wasu hanyoyin sadarwa na ofisoshi na toshe duk abin da ba 80 da 443 ba, kuma kukis ba su san fot ba, don haka karon da ka gudu yana nan. Wurinta shi ne bayan gida, manhaja na sauraro a `127.0.0.1:8000`, Nginx ko Apache na tsaye a gaba.

Da ni aka ba wa sabar makarantar nan, WordPress zai zauna a `www.`, sakamako a `sakamako.` da `/api` ɗinsa a ciki, Moodle a `karatu.` tare da `moodledata` a wajen foldar da duniya ke gani. Ita kuwa phpMyAdmin ba zan ba ta folda ba, ba zan ba ta reshe ba. `/phpmyadmin` na cikin adireshin da na'urorin masu kutse ke fara ƙwanƙwasawa. Zan bar ta tana amsa wa `127.0.0.1` kaɗai, mai kula da sabar ya riƙa isa gare ta ta ramin SSH, wato rufaffiyar hanyar shiga sabar daga nesa, daga kwamfutarsa.

Idan kuma DNS ba ya hannunka, folda ta zama dole, to kafin ka sanar da kowa adireshin ka gwada ta da kyau. Buɗe burauza, danna F12, ka duba ko akwai fayil da ya dawo da 404. Shiga, fita, ka ga inda aka tura ka. Ɗora hoto ka sake buɗe shi. Shiga manhajoji biyu a burauza ɗaya ka ga ko ɗaya ta kori ɗaya. Rubuta `/.env` da `/.git/config` a ƙarshen adireshin foldar ka tabbatar an hana ka. Sannan ka nemi a aiko maka saƙon sauya kalmar sirri, ka karanta mahaɗin da ke cikin imel ɗin harafi bayan harafi, domin can ne sunan foldar ya fi yawan ɓacewa, kuma ba a lura sai ranar da wani uba ya manta kalmarsa.